Na Sayi Fili, Ban Sayi Ɗorawa Ba

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu abin da takarda mai hatimi ba za ta yi mini ba, na tattara komatsaina daga Ingila na dawo gida Rano. Shekara goma sha tara na yi a can ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Iyayen wasu nake yi wa wanka, in ba su abinci a baki, nawa uban kuwa a waya aka faɗa mini rasuwarsa ina tsaye a bakin aiki. Ranar na yi wa kaina alkawari mahaifiyata ba za ta tafi haka ba, in Allah ya yarda a hannuna za ta ƙarasa tsufanta.

Kafin in taso na riga na sayi fili ta hannun yayana, a kan hanyar Kibiya, wajen Tarai. A wayar bidiyo ya zagaya da ni, ya nuna mini kusurwa huɗu da wasu manyan ɗorawa guda biyu. An yi takarda, shaidu sun sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi. Na sa wani Bature mai zanen gidaje ya zana mini gida, ƙaton falo a tsakiya, ɗakin mahaifiyata jikin nawa. Na ajiye aiki, na sallami gidan haya, na sauka a tsakiyar bazara, zafi kamar zai dafa mutum. Matan yayyena suka sa ni gaba da tsokana, “Baturiya, wata nawa za ki yi mana kafin ki gudu?” Na ce musu ni da su sai mutuwa.

Kuma ba ni da lokacin wasa. Ɗakin ƙasar da mahaifiyata take ciki ya tsage daga sama har ƙasa, magini ya duba ya ce ba zai ga ƙarshen damina ba. Ita kuma ta rantse ba za ta koma ɗakin suruka ba. Ke nan dole in rufa gidana kafin ruwa ya sauka.

Aka jibge bulo da yashi, na ɗauko masu injin yanka itace, domin babbar ɗorawar daidai tsakiyar falona ta faɗo a zanen. Muna isa muka tarar da wata tsohuwa a gindinta, ta jingine doguwar gora mai ƙugiya, tana tara 'ya'yan ɗorawa a buhu. Na gaishe ta, na ce, “Iya, a ɗan matsa, za a yi aiki.”

Ta dubi injin, ta dube ni. “Aikin me?”

“Sare ta za a yi.”

“Wa ya ba ki?”

Kai jama'a! Nan take na zuge jaka na zaro takarda, har da nuna mata hatimi da yatsa. Ko kallonta ba ta yi ba. Ta ce, “Yarinya, ƙasa kika saya. Ɗorawa tawa ce.” Ta ci gaba da tsince-tsincenta. Masu inji suka dubi juna, babbansu ya ce, “Hajiya, mu fa ba ma taɓa bishiyar da mai ita ba ta yarda ba.” Suka ɗaure injinsu a babur suka bar ni tsaye da takarda a hannu.

Ban zame ko'ina ba sai ƙofar gidan mai unguwa, raina a ɓace. Ya saurare ni har na gaji don kaina, sannan ya ce gaskiyar tsohuwa ce. Da aka raba gadon mahaifinsu, ƙanenta ya ɗauki gonar, ita aka ba ta bishiyoyin. Ɗan ƙanen nata ne ya sayar mini, kuma abin da ya gada kawai ya sayar. Na ce to me ya sa ba a rubuta a takarda ba? Ya ce, “Hajiya, abin da kowa ya sani ai ba a rubuta shi.” Na juya kan yayana da ya rako ni, na ce, “Yaya, kai ma ka sani?” Wallahi ko a jikinsa, ya ce, “Ai ba ki tambaya ba.”

Ni da taurin kai, na ce ai kuɗi zai yi magana. Na aika mata, ta ƙi. Na ninka, ta ƙi. Na fara ambaton lauya da kotu, ina yi ina haɗawa da Turanci don a ji tsoro, babu wanda ya ji. Kwana goma aka shafe a haka. Gabas ta fara haɗa hadari da yamma, magini ya ce akwai masu jiransa a Fassi, ba zai zauna gadin bulo ba. Ana cikin wannan sai ƙawata da muka yi aiki tare ta kira, ta ce har yanzu ba a cike gurbina ba, in na yi magana kafin ƙarshen wata za a mayar da ni. Ba zan ɓoye muku ba, na daɗe ina kallon wayar nan. Na gaji, na ji kunya, kuma na ji kamar garin da aka haife ni ne yake ce mini ba ni da wuri a cikinsa.

Mahaifiyata ce ta wanke ni tas. Tana zaune a tabarma, tsagar bangon nan a bayanta har hasken rana na shigowa ta ciki, ta ce, “Kin ce don ni kika dawo. Yau kwana goma kina shari'a da bishiya, ni ko ƙafata ba ki matsa mini ba. Kin taɓa zuwa gidan matar nan da ƙafarki, ko sai aike kamar wata hakima?”

Washegari da hantsi na je. Na same ta a tsakar gida tana wanke dafaffiyar kalwa, za ta yi daddawa. Ta shimfiɗa mini buhu na zauna, muka gaisa kamar ba mu taɓa sa-in-sa ba. Na ce, “Iya, don Allah me zai sa ki sayar mini?” Ta ce, “Babu. Maza sun ɗauki ƙasa, ni wannan aka ba ni. Da ita na aurar da 'ya'ya huɗu, ban taɓa roƙon kowa sabulu ba. Kuɗinki wata nawa za su yi a hannuna? Ita kuwa baɗi ma za ta haihu.” Sai ta ɗago ta ce, “Ni ban hana ki gini ba fa. Filin ne ya yi miki kaɗan?”

Filin bai yi kaɗan ba ko kusa. Zanen Baturen nan ne na riƙe kamar wahayi.

Daga gidanta wajen magini na wuce. Na ce, “Malam, ajiye takardar nan. In kai ne, ina za ka sa ɗakuna?” Ya yi murmushin da na san ya daɗe yana ɓoye shi. Ya auna taku daga gindin bishiyar saboda saiwa kada ta fasa tushen gini, ya ja layi da ƙafarsa a ƙasa: ɗakuna a jere ta gabas, kicin ta kudu, ɗorawa ta zauna a tsakar gida. Ƙaton falona ya koma ɗan madaidaici. Ya ce kuma sai an bar wa mai bishiya ƙaramar ƙofa ta baya, don ba za a ce ta riƙa neman izini kafin ta ga kayanta ba. Wannan ta yi mini ɗaci, amma na haɗiye. A wurin na aika wa ƙawata saƙo na ce a ba wa wata gurbin nawa.

Daga ranar ban ƙara zama ba. Kullum da sassafe ina wurin, na ɗaure ɗankwali, ina ƙirga kwanon rufi, ina faɗa da masu kawo ruwa, har leburori suka sa mini suna Soja. Na yi baƙi, na rame, ƙuraje suka feso mini a wuya. Aka buga kwanon ƙarshe ranar wata Laraba, ko fenti ba a yi ba na ɗauko mahaifiyata. Ruwan farko ya sauka ranar Juma'a. Tsohon ɗakin nata kuwa bai kai tsakiyar damina ba ya zube.

Yanzu in wani na waje ya ce mini zai sayi fili a gida, nakan ce ya zo da ƙafarsa, ya zauna da mutanen wurin, ya tambayi har abin da yake ganin wauta ce a tambaya. Ni dai har yau ina sharar ganyen bishiyar da ba tawa ba, ina yi ina mita. Duk bazara jikokin Iya mata sukan shigo da gorarsu, kuma daddawar da aka yi da kalwar tsakar gidana, da kuɗina nake saya, ko ragi babu.

Amma mahaifiyata ta yi shekara huɗu a gidan nan. Ni na riƙa yi mata wanka, ni na riƙa ba ta abinci da ta daina iya ɗaga cokali. Ranar da ta cika kanta yana kan cinyata, kuma ni ce na ɗauki waya na faɗa wa sauran 'yan'uwana.