Aljanar da Ke Daka a Jidda

Ko na manta da komai a duniya, abin da yayan mijina ya yi a Jidda ba zai fita raina ba. Ina amarya a lokacin, yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba. Muka taso daga Makka, ni da surukata da shi wannan Yaya, don taryen 'yan'uwa da ke zuwa a jirgin ruwa daga Sawakin. Jirgi ya yi jinkiri, muka yi zaman jira.

Kusa da masaukinmu akwai wani tsohon gida mai hawa huɗu, tagogin katakonsa duk sun zazzago. An ce aljanu sun kori masu shi tun zamanin Turkawa. Kwanan nan kuma, wai da rana tsaka ana jin duka da tafi daga ciki. Yaya, mai cika bakin cewa shi ba ya tsoron kowa, sai ya zaga ta wani lungu yana karanto duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga kasuwa.

Ran da muka bi ta wurin ni da surukata, muka ji abin. Ta tsaya cak.

"'Yar nan, wace aljana ce ke cilla taɓarya ta tafa? Wannan hannun gida ne."

Muka shiga ta baya. Wata mata muka tarar, Bazazzagiya, ta rame sai idanu. Wanda ya rako ta aikin hajji ne ya sayar da ita, ta gudo daga gidan da aka kai ta. Ta lura dukan tsohon turmin da ta tsinta yana korar mutane, shi ya sa take yi, ko babu ƙwayar hatsi a ciki. Surukata ta ce ta ƙara haƙuri, in jirgi ya iso za mu saje da ita cikin ayari zuwa Makka. Muka riƙa kai mata abinci a ɓoye.

Yaya ya ga muna fita da kwano, ya biyo mu. Da ya leƙa ya ga mutum ce, sai ga ƙirji ya buɗe. Surukata ta riƙe masa riga.

"Don Allah ka rufe bakinka. Ran baiwar Allah ne a hannunmu."

"Haba, Inna, ni yaro ne?"

Ko la'asar ba a yi ba yana gidan gahawa, yana ba Larabawa labarin yadda ya shiga gidan aljanu shi kaɗai, bai tarar da kowa ba sai wata Takaruniya, wato 'yar ƙasarmu, da turmi. Aka yi ta dariya, aka saya masa shayi. Kafin magariba mutanen ubangidanta sun zo. Ina tsaye aka fito da ita, ba ta ko dube mu ba, kuma ban sake jin labarinta ba.

Har ya mutu yana ba da labarin jarumtarsa, ni kuwa har ya mutu ban ƙara gaishe shi da zuciya ɗaya ba. Abin da na koya shi ne, matsoraci bai cika cutarwa ba sai ranar da tsoronsa ya wuce, yana neman wanda zai yaba masa. A kan kofin shayi ya sayar da ita karo na biyu.