Kwalin Yagaggun Takardu

Shekara ashirin da biyu shagona na walda yana jingine da na Baba Mai Sifika. Shi ya riga ni zuwa layin. Aikinsa ɗaya ne. A kawo masa tsohuwar sifika wadda takardar da ke fitar da sautinta ta yage ko koyil ɗinta, wato naɗin wayar da ke ciki, ya ƙone, ya kankare tsohon gam, ya ɗora sabuwar takarda, muryarta ta dawo. Ba ya taɓa rediyo, ba ya taɓa talabijin. Da wannan ya ciyar da 'ya'ya shida.

Yawancin sifikun nan tambarinsu ya goge tun kafin a haifi masu su. Da can da kunne yake gane su, ya ƙwanƙwasa takardar da farce ya faɗa maka irinta. Da kunnen ya fara mutuwa, kuma na san injin yankan ƙarfena yana da hannu a ciki, sai ya dogara da wani kwali da ke ƙarƙashin teburinsa. Duk takardar da ya taɓa cirewa tana ciki, ya rubuta a bayanta da fensir faɗin koyil, zurfi, da gam ɗin da ya karɓe ta. Sifika in ta zo, sai ya yi ta gwadawa har ya samo 'yar'uwarta.

Bara aka kwantar da shi a asibiti sati biyu. Babban ɗansa, mai sayar da wayoyi, ya zo wai zai yi wa tsoho gata. Ya share shagon, ya yi fenti, ya ƙona kwalin a bakin kwata. Ina can wajen kafa wata ƙofa, toka kawai na tarar. Na wanke ɗan nasa tas. Ya ce shi shara ya gani, har ɓeraye sun haihu a ciki, kuma ai komai yana cikin waya yanzu.

Baba ya dawo, ya leƙa ƙarƙashin tebur, babu kwali. Akwai sifikar wata malama tana jiransa, ta marigayi mahaifinta. Kwana huɗu yana fama. Ya ɗora takarda, ya haɗa batir, ya sa yatsa yana jin motsinta, ya cire. Har sau uku. Na ce masa ta ukun ai tana kuka lafiya lau.

"Kai maƙeri, kunnenka na guduma ne," in ji shi. "Kuka daban, murya daban."

Da malamar ta zo ya miƙa mata kayanta ba gyara, ya ce ba zai yi canki-canka da muryar gidan ubanta ba. A ranar ya ba ɗansa makullin shago.

Ɗan ya aiko a tambaye ni ko zan haɗa masa kantar jera wayoyi. Na ce ya nemi wani. Mu uku ne masu walda a layin nan, kuma na riga na zagaya wurin sauran biyun na ja musu kunne.