Ɗan Kogin da Ya Ƙi Sakin Numfashi

Cikin ranakun aikina akwai wadda ban taɓa mantawa da ita ba, ita ce ranar da Mushe Hamani ya shigo mini da jakar tafiya a hannu, alhali saura kusan wata guda jirginsa ya tashi. Tunda ku sababbin masu koyarwa kun ce in ba ku labari ɗaya kafin mu shiga ruwa, to wannan zan ba ku.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Isuhu, mutumin Tawa ne ni. Na yi aikin kwana-kwana a nan Yamai, abin da muke kira pompiye, a sashen masu nutso, har na kai muƙamin ajidan, wanda yake sama da saje, ƙasa da hafsa. Aikinmu shi ne shiga kogin Isa, wanda ya ratsa Yamai, idan kwalekwale ya kife ko mota ta faɗa. Da na ajiye kaki sai wani otel a unguwar Plateau ya ɗauke ni in riƙa kula da pisin ɗinsu, wato kwarmin wanka, ina koya wa mutane iyo. Ina da buteli biyu, wato tukwanen iskar da ake goyawa a baya, da sauran kayan nutso, don haka jefi-jefi nakan samu wanda zai tafi hutu bakin teku, yana so ya san kayan tun daga gida.

Mushe Hamani (Mushe muke ce wa malamin boko) tsohon malamin kimiyya ne a lekol, wato makaranta, shekarunsa sun haura sittin, Bazabarme ne haifaffen Tondibia da ke bakin kogi, ɗan masunta. Matarsa Hajiya Rabi Bagobira ce daga Tibirin Maradi, kun kuwa san wasan tsokana da ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, to su a gida ɗaya suke yin nasu. Ɗansu Abdu yana aiki a Masar, shi ne ya shirya musu hutu a bakin Bahar Maliya, inda ake sa wa baƙi kayan nutso a sauka da su kallon kifaye. Kafin su zo Abdu ya kira ni a salula ya ce, "Ajidan, ka san Baba da taurin kai. Ka duba mini shi. In ka ce e, zai nutse. In ka ce a'a, cikin jirgin ruwa zai zauna ya kalli wasu." Na ce masa na ji, ban san nauyin abin da na ɗauka ba.

Dattijon nan ya shigo yana walƙiya da murna. Ya gaishe ni da Zabarmanci ya ce, "Fofo, Ajidan! Ga ni, ga kaya. Nuna mini butelin nan kawai, ruwa dai ni da shi mun san juna tun kafin a haife ka."

Hajiya da ke bayansa ta ce, "Tun shekaranjiya shina kwana da jakar ga. Ko masallaci da ƙyar ya bar ta gida."

Na yi dariya, na zaunar da su, na bi musu shirin daki-daki yadda nake yi wa kowa. Da farko likita, ya duba zuciya da huhu da kunne, don mai ciwon ɗayansu ba ya nutso da buteli. Sannan fasfo da biza da katin rigakafi, da asirans, wato inshora, wadda ta ambaci nutso da sunansa, domin ta tafiya kawai ba ta ɗaukar wannan. Na ce kada ya sayi buteli ko rigar roba, can ake haya. Abu ɗaya zai saya nasa, gilashin fuska, shi ma sai ya gwada: ya ɗora a fuska ba tare da igiya ba, ya ja iska ta hanci, in ya manne to nasa ne. Na gaya masa mai mura ba ya shiga, kuma bayan nutson ƙarshe sai an kwana an wuni kafin a hau jirgin sama. Duk ya ji, yana gyaɗa kai yana cewa dakor, wato ya yarda. Likita ya duba shi ya ce huhunsa ya fi na samari da yawa, ranar kam ba wanda ya huta da jin labarin.

A ruwa ma da farko daɗinsa na ji. Bai ji tsoro ba ko kaɗan. Ya iya toshe hanci ya hura a hankali don kunne ya buɗe, ya iya fitar da ruwa daga gilashi, alamun hannu kuwa a zama ɗaya ya haddace su. Da ya ja numfashin farko a ƙasan pisin sai ya ɗago ya cire bututun baki da ake shaƙar iska da shi yana ihu, "Hajiya! Ina numfashi a cikin ruwa! Wallahi ina numfashi!" Har masu aikin otel suka leƙo. Na ce a raina wannan aiki ya zo da sauƙi.

Ashe ban gani ba tukuna. A aikinmu akwai doka ɗaya da ta fi kowace: mai buteli ba ya riƙe numfashi, musamman in yana hawowa sama. Iskar da ka shaƙa a ƙasa matsattsiya ce, kana hawowa tana kumbura, in ka rufe maƙogwaro ba ta da hanyar fita sai ta yaga huhu. Ko a zurfin pisin hakan na iya faruwa. Shi ya sa muke gwada ɗalibi: ya cire bututun baki a ƙasa, ya riƙa sakin iska kaɗan-kaɗan, mu ga kumfa tana fita ba yankewa.

Mushe ya cire bututun, ya damƙe leɓɓansa gam. Ba kumfa ko ɗaya. Na nuna masa bakina, na saki tawa, ya kalle ni ya gyaɗa kai, bakin nan dai a rufe. Muka fito na yi bayani, muka koma, haka. Washegari na zo da balan-balan, na hura ta a ƙasa da iskar buteli na ɗaure, na sake ta. Kafin ta kai sama ta fashe. Ya ce, "Ajidan, ni fa na koyar da wannan a aji shekara da shekaru. Kaina ya sani sarai. Ƙirjina ne bai shiga lekol ba."

Cikin mako na biyu abin ya kai inda nake tsoro. Muna can wajen mai zurfi, ruwa ya ɗan shiga masa hanci, sai kawai ya tofar da bututu, ya rufe baki, ya doki ƙasa da ƙafa ya yi sama, irin fitowar 'yan kogi. Allah Ya sa ina kusa. Na cafki ɗamararsa na riƙe shi, na danna masa ciki da hannu har iskar ta fito, sannan na hau da shi a hankali. Da muka fito ban san lokacin da na ɗaga wa dattijo murya ba.

Na ce, "Mushe, kashe kanka za ka yi! A teku ba ni nan da zan riƙe ka. Yau zan kira Abdu in ce a'a."

Ya zauna a bakin pisin, ruwa na ɗiga daga gemunsa, murnar nan duk ta tafi. Tausayinsa ya kama ni, amma raina bai sauka ba. Can ya ce, "Ka san yadda aka koya mana a Tondibia? Babana yana cikin kwalekwale yana kallon ruwa. In ya ga kumfa ta taso daga inda ka nutse, sai ya buga filafili a jikin jirgi, kowa ya san ka gaza. Kumfa tana korar kifi, kuma abin kunya ce. Yaro yakan gwammace ƙirjinsa ya tsage da a ga kumfarsa. Shekara hamsin da wani abu jikina yana ɓoye ta, yau kai kana cewa in nuna." Sannan ya ƙara da cewa, "Duk nutson da na yi a rayuwata a cikin duhu na yi shi, da lalube. Sau ɗaya nake so in shiga ruwa ido buɗe kafin in mutu. Kada ka kira yaron nan yau."

Maganar ta taɓa ni, don ni ma a wannan jan ruwan kogin na ƙare aikina, da hannu nake gani. Amma ba zan ce e a kan abin da zai kashe mutum ba. Na ce na ba shi zuwa ƙarshen mako mai zuwa, daga nan ba ƙari.

Hajiya Rabi tana kan kujera ƙarƙashin rumfa, inda take zama kullum da 'yar jakarta. Ta ce, "Ajidan, mi kake so shi yi ne takamaimai?"

Na ce, "Iska ta riƙa fita daga bakinsa, Hajiya, ba tsayawa."

Ta ce, "Shi ke nan? Wanga mutum da bakinai bai taɓa hutawa ba? Ai ko tsani shika hawa shina mita. Kai dai ba ka san inda ake taɓa shi ba." Ta juya wajen mijinta ta ce, "Mushe, jiya na sayo kifin ƙanƙara a kasuwar Petit Marché, na kwali. Wallahi ya fi kapiten ɗinku, giwan ruwan nan na Tondibia, daɗi. Naku ƙarnin laka gare shi."

Kai, ku zo ku ga fuskar dattijo! Ya ce, "Kifin kwali? Ke Bagobira me kika sani a kifi, ku da sai an yi ruwan sama kuke ganin gulbi?" Ya buɗe baki zai ci gaba, na miƙa masa bututu na ce mu sauka, ya ƙarasa a ƙasa. Muka sauka. Na yi masa alama ya cire bututun. Ya cire, kuma ga mutumin nan yana ta gunaguni, ina jin ƙarar a cikin ruwa, kumfa tana fita daga bakinsa a jere har muka kai sama. Na rungume shi da kayan da komai. Hajiya ta ce, "To, ka gani. Gobe in zo da wata?"

Ta kuwa zo da wata, kullum da sabuwa. Ran nan ta ce dambun Zabarmawa abincin awaki ne, ran nan ta ce ɗaliban yanzu sun fi nasa ƙoƙari. Ni kuma ina rage dogaro da ita sannu a hankali. Na ce masa duk lokacin da bututu ya bar bakinsa, ko ya fara hawowa, ya tuno abin da ya ɓata masa rai ya yi ta mita. Muka maimaita har ya zame masa jiki. Ranar gwajin ƙarshe na hana Hajiya cewa komai. Muna ƙasa, ba tare da gargaɗi ba na zo ta bayansa na zare bututun, na kuma ɗaga masa gilashi ruwa ya cika. Na tsaya ina kallon bakinsa. Sai ga kumfa, siririya, ba yankewa. Ya lalubo bututunsa ya mayar, ya gyara gilashi, ya haɗa yatsa biyu ya yi mini alamar lafiya lau.

A bakin pisin na kira Abdu na ce, "E. Amma ka gaya wa mai koyarwa na can, in ya ji tsoho yana faɗa a ƙarƙashin ruwa, kada ya hana shi." Mushe ya karɓe salular yana dariya yana share ido, Hajiya kuwa ta tashi ta ce bari ta je ta ɗaure kilishi da yaji, don ba ta yarda da miyar Misirawa ba.

Bayan sun dawo ya zo mini, ya yi baƙi ƙirin da rana, bakinsa har kunne. Na ce ya ba ni labari. Ya ce, "Ajidan, an kusa samun matsala. Na sauka da mitata a shirye, ta kifin kwali. Da na buɗe ido na ga abin da ke wurin, ruwa garau har ƙasa, kifaye ja da shuɗi da rawaya suna wucewa ta gaban hancina ba su damu da ni ba, sai na nemi fushin na rasa. Mai koyarwa ya yi alamar mu hau, ni kuwa ba abin da zan yi wa mita a duniya."

Gabana ya faɗi, ko da yake ga shi zaune a gabana da ransa. Na ce, "To me ka yi?"

Ya ce, "Ban yi komai ba. Ji na yi bakina yana ta subhanallahi, subhanallahi, shi kaɗai, har muka fito."

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Wanda ke tsoron ruwa ba shi ne mai wuyar koyarwa ba, don duk abin da ka ce zai bi. Mai wuya shi ne wanda ruwa ya raina tun yana yaro, ya zo maka da ƙwarewar da ta tsare ransa shekaru, kai kuma kana so ya ajiye ta. Tsawa ba ta cire irin wannan, na gwada. Ku tambayi wanda yake zaune da shi, ya fi ku sanin abin da jikinsa ya riga ya iya. Kuma kada ku ce e don tausayi, ku nemi hanyar da e ɗin za ta zama gaskiya.

Ni kuwa da ya tafi na daɗe zaune a bakin pisin. Na shekara ashirin da ɗoriya ina nutso, na koya wa mutane da yawa, amma ban taɓa ganin teku da idona ba. A makon nan na je aka ɗauke ni hoton fasfo.