Shekarar da Gonarmu ta Ƙoshi

A ƙauyenmu, kusa da Karofane, da an gama girbi sai masu gona su shiga zawarcin Fulani. Kowa so yake garke ya sauka a gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, shi kuma ya ba da dammunan gero. Babana gwani ne a wannan zawarci. 'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, ya shawo kan wani Bafillace mai babban garke, ya zauna mana rani guda cur. Ni nake kai musu tuwo, ina tafe ina taƙama cikin kashin shanu.

Gonarmu a kan gangare take. A gindinta, cikin kwari, akwai rijiyar kawuna, ƙanen innata, gajeriya, ko baki ba a gina mata ba. Ita gidansa ke sha.

Ruwan farko ya zo da ƙarfi. Ƙasa ta sha abin da za ta iya na takin, saura ya bi gangare. Ruwan rijiya ya koma kore-kore yana wari. Matar kawu ta riƙa tace shi da ƙyalle, don babbar rijiyar gari da nisa, shuka kuma ba ta jira. Zawo ya kama gidan. Autansu ya fi jin jiki, aka ɗora shi a jaki sai asibitin mishan. Yaron ya tashi, amma kafin kawu ya dawo ciyawa ta cinye masa gona.

Mu kuwa geronmu ya fi ƙarfin rumbu, har kallo ake zuwa. Ba wanda ya ɗago zancen rijiya a gidanmu, alhali kowa ya san ruwa ba ya tsami banza. Ni ma na sani. Na kuma ci tuwon har da ƙari, abin da har yau yake ci mini rai.

Da bazara kawu ya zo da buhu a naɗe a hammata. Ya daɗe yana gaisuwa kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ni aka sa in auna masa gero. Ina zubawa na kasa ɗaga kai, na wuce abin da aka ce ban tsaya ba.

Ya riƙe bakin buhun. "Ya isa, ɗiyata. Allah shi ƙara ma gonarku albarka. Baɗi ma ku samo Hillanin nan, kin dai ga abin da sunka yi muku."