Akwatin Glenda

Shekara talatin da ɗaya ina maƙwabtaka da Orest Dubyk, manomin alkama a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada, kuma babu shekarar da matarsa Glenda ba ta shirya tafiya hutu bakin teku a ƙasar Kosta Rika ba. Tun watan Yuli take fito da akwati, ta wanke rigunan shan iska biyu, ta manna hoton bakin teku a jikin firji. So take su tashi da kaka, kafin ƙanƙara ta rufe hanya.

Amsarsa ɗaya ce: "Haba Glenda, teku gudu zai yi? Bari mu kwashe alkama tukuna."

In an kwashe alkama, sai injin girbi ya buƙaci gyara, ko a ce ciyawar shanu ba za ta kai ƙarshen hunturu ba. Sanyi ya shigo, akwati ya koma ƙarƙashin gado. Na sha ce masa, "Kai dai Orest, a kan tarakta za ka mutu." Dariya kawai yake yi.

Bara ciwon gwiwa ya sa ya sayar da gonar. A lokacin Glenda ta fara mantuwa, har sunana ya ɓace mata. Duk da haka ya sayi tikiti biyu na watan Oktoba, ya ɗauko akwatin da kansa.

Ina kicin ɗinsu ya ajiye tikitin a gabanta. "Tashi, tsohuwa, ga tekunki."

Ta harare shi, ta ture takardun gefe.

"Ko kunya ba ka ji? Wa yake tafiya yawo alkama na gona?"