Rabin awar da na bar Malama ita kaɗai

Ni ne na yi laifi, kuma gara in faɗa tun yanzu, kafin labarin hanya ya rufe shi.

Mun tashi daga Keffi da asuba, ni da wata malamar firamare 'yar Angwan Iya, za mu Abuja horon kwana uku na masu tafinta a manyan taruka. A ƙarshensa za a zaɓi waɗanda za a riƙa kira aiki. Ni karatuna bai wuce sakandare ba, amma na daɗe ina tafinta a taron siyasa da na rigakafi, ina kuma ji da bakina. Ita 'yar ƙabilar Mada ce, Hausarta da ɗan karkata. Tun a tasha na raina ta a zuciyata.

Hanya lafiya lau har Masaka. Daga Mararaba kuwa mota ta koma ɗakin zama. Direba ya ƙara kuɗi wai mai ya tashi, ya kuma cusa mu huɗu a baya, gwiwata na taɓa haɓata. Wata mai dafaffiyar masara ta sayar mana, ta yi gaba, ta zagayo, ta same mu inda ta bar mu. Mun isa a gajiye tun ba a fara komai ba.

Ranar farko ko fassara ba mu yi ba. Aka sa mana abin ji a kunne, mu riƙa maimaita maganar mai jawabi da harshensa, muna biye da shi da kalma uku ko huɗu. Sannan aka ce mu ci gaba da haka muna rubuta lambobi daga ɗari muna komawa baya. Ban yi nisa ba kaina ya ɗau zafi. Da yamma aka kunna mana muryoyinmu, na ji kaina ina ta "wato, wato" har kunya ta kama ni. Masaukin ma ba sauƙi: ruwa sai an ɗebo a bokiti, shinkafar kuma mai ya fi ta yawa.

Rana ta biyu aka shigar da mu ɗakin gilashi bibbiyu, aka haɗa ni da Malama. Dattijon da ke koyar da mu ya ce kowa rabin awa zai yi ya miƙa wa ɗan'uwansa. "Amma wanda ya miƙa ba hutawa zai yi ba. Biro zai ɗauka, duk lamba ko sunan da ya wuce ya rubuta ya tura gaban mai magana." Na gyaɗa kai kamar na ji.

Ranar jarrabawa ni na fara. Jawabi ne kan rabon taki, cike da lambobi da sunayen garuruwa. Duk sanda na fara inda-inda sai in ga takarda ta zamo gabana, rubutunta manya-manya irin na allo. Da haka na tsallake. Da na miƙa mata, maƙogwarona ya bushe, sai halin filin siyasa ya motsa: a can in ka ba da lasifika ka gama. Na fita shan shayi. Ta gilashi na hango ta tana magana, hannunta na lalube a kan teburi inda ya kamata takarda ta zo. Na gani sarai. Na tsaya na ƙarasa shayina.

Alƙalan jarrabawar suna wani ɗaki, murya kawai suke ji. Sunana ya fito, nata bai fito ba. 

A hanyar dawowa cunkoson ya fi na zuwa. Sai da muka wuce Masaka Malama ta yi magana.

"Malam, shayin dai ya ji madara?"

Na ce, "Malama, gajiya ce."

"Eh, ni da ƙarfe aka yi ni."

 Na koma gida Tudun Ƙofa, ana ta yi mini barka, ina amsawa da ƙyar. Na tafi Abuja ina zaton aikin nan na baki ne kawai. Ashe wanda ke gefenka shiru da biro shi ke riƙe da kai.

Bayan kwana biyu na kira dattijon na faɗa masa komai. Ya ce zai nemi a sake gwada ta, amma bai yi alkawari ba, ni ma kuma za a duba nawa sunan.

Jiya na same ta a ƙofar makarantarsu bayan an tashi, alli duk a hannunta. Na ce, "Malama, ba gajiya ba ce. Na ga hannunki yana neman takarda, na ƙi dawowa, don na raina ki tun a tasha. Da rubutunki na ci, ke kuma ni na kayar da ke. Ki yafe mini."