Ƙugiyoyin Kawu Ilyasu

Shekarar da Kawu Ilyasu, autan kakata, ya dawo Agadez daga Arlit, hirar gidanmu ta sake ɗanɗano. Da can, in an yi isha'i lokacin sanyi, Kaka takan hura gawayi a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta, ta yi ta ba mu labarin kura da dila har cikinmu ya yi ciwo don dariya. Ni take kira maigida, wai in na yi gyangyaɗi za ta yi yaji.

Kawu ya daɗe yana tuƙa ƙugiya a wajen haƙar ma'adinai, wannan babbar motar mai dogon wuya da ke ɗaga ƙarafa. Kwatsam sai ga shi, ba sanarwa ba bayani, da jaka da wani kwali. A cikin kwalin ƙananan ƙugiyoyi ne na ƙarfe, ba su wuce tsawon hannuna ba, amma komi akwai, har ƴar kujerar shofer. Duk rawaya ne, kowace da tambarin ma'aikata a gefenta. Muna sauraron Kaka, shi kuwa yana gefen wuta yana kwance su gunduwa-gunduwa. Ya jiƙa tsumma da esansi, man mota, ya goge, ya kankare, sannan ya shafa sabon fentir da wani ɗan tsinke da ya ɗaura wa gashin akuya. Abin da yake fara kankarewa kullum shi ne tambarin.

To nan fa ake yinta. Kaka ɗiyar masu ayarin gishiri ce, tsakanin raƙuma ta tashi. A wurinta, duk wanda ya taɓa shaidar wutar da ke wuyan raƙumi ɓarawo ne, ba sai an je gaban alƙali ba. Sai ta riƙa kallon hannun Kawu ta wutsiyar ido. Sau ɗaya na ji ta ce, "Ilyasu, shi rawayan me ya yi maka?"

Ya ce, "Ba komi, Inna."

Ba ta ƙara ba, amma na ji tana ce wa mahaifiyata kayan da ba a san asalinsu ba ba za su daɗe ƙarƙashin rufinta ba, ko na wane ne. Zargin ya kama har mu yara. In motar jandarma ta bi ta ƙofar gida, sai mu dubi kwalin, mu dubi juna.

Ran nan ta gyara zama ta ce, "Ga ta tafe, ku ba ta wuri." Muka ce ta iso mu ji. Ta ce an yi wani mutum da ya saci raƙuma a bakin rijiya. Ya gasa ƙarfe ya ɗora kan shaidar mai ita, ya mai da ita tasa, ya yi tafiyarsa ƙasa mai nisa. Shekaru suka wuce, har shi kansa ya fara yarda tasa ce. Wata rana ya ɓata cikin hamadar Tenere, salkarsa ta bushe, harshensa ya kumbura. Sai ya yi abin da kowane matafiyi ke yi, ya saki akala don raƙuma ta nemo ruwa. Ta yi ta tafiya, ba ta tsaya ko'ina ba sai rijiyar da aka sace ta, mai ita na tsaye da guga a hannu.

"Ya sake mata wuya," in ji Kaka, idonta ba a kanmu ba, "ya manta bai sake mata kai ba. Nan ta tsaya, ni ma nan na tsaya."

Ba wanda ya yi dariya. Kawu ya gama shafa shuɗi a wuyan ƙugiyar da ke hannunsa, ya goge tsinkensa, ya ce a hankali, "Inna, ita raƙumar da ta koma gida, akwai wanda ya tambaye ta wahalar da ta sha?"

Ba a yi sati ba ya bi masu neman zinariya zuwa Djado. Kwalin ya bar shi. Kaka ta sa aka ɗora shi kan katanga inda mai shigowa zai gani, tana jiran ranar da mai kaya zai zo. Rana ta dake shi, ruwa ya jiƙa shi, ba wanda ya zo. Mutanen Arlit da muka yi ta tambaya kuwa, wani ya ce kyauta ce shef ɗinsa na wurin aiki ya yi masa da aka sallame su, ya kankare tambarin don baƙin cikin korar. Wani ya ce a'a, daga biro, ofishin ma'aikatar, suka yi ɓatan dabo. Kawu yakan kira ran Salla ya gaishe ta, gaisuwa kawai.

Da ciwo ya kwantar da Kaka, na riga na zama saurayi. Ta kama hannuna ta ce, "Maigida, har yanzu ba wanda ya zo neman kayan nan?"

Na ce babu.

Ta ce, "To don me bai faɗa mini ba?"

Na ce, "Kaka, ai ba ki tambaye shi ba. Tatsuniya kika yi masa."

Ta juya fuskarta bango. Wallahi har yau in na tuna, tausayinsu su biyu nake ji, da haushinsu. Ina yaro na ɗauka labarin nan yana koya mana ɓarawo ba ya tsira ne. Da na girma na gane Kaka tsoron amsar take yi, shi ya sa ta aiki raƙuma ta yi mata tambayar.

Kawu ya iso bayan an rufe ta. Yanzu tare muke zama da marece kan ƙugiyoyin nan, shi ya kankare ni in shafa, don idonsa ya yi rauni. Sau da yawa tambayar kan zo mini har baki, sai in miƙa masa shayi.